Rantsuwar da Yaya Ya Hana Ni

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke ji idan kun je Gwarzo biki ko ta'aziyya. Ba a faɗa a gabanku sai kun juya baya, amma ku ba kurame ba ne. Ana cewa ubanku ya janyo wa yayansa asarar shanun huɗa, ya tattara ya gudu Kano bai ko waiwayo ba. Hadiza ta taɓa tambayata tana ƙarama na daka mata tsawa, tun daga nan babu wanda ya sake gwadawa. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, ba a kirana aiki sai jefi-jefi, lokaci kuma ya yi mini yawa. Zan faɗa muku yadda abin ya faru tsakanina da Baffanku Halliru, Allah ya jiƙansa, ku yi abin da kuka ga dama da shi.

Sai na fara da wani Ba'amurke da ban taɓa gani ido da ido ba, domin shi ya ja mini. Muna sakandare akwai malamin da ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, yana da bidiyo da tarin kaset na finafinan Amurka, yakan tara mu a falonsa mu kalla. Abokaina jarumi suke kallo, ni kuwa idona ya maƙale a kan wani dattijo mai karkataccen hanci da ke fitowa kusan a kowane kaset. Yau mai kanti ne, gobe ɗan sanda mai karɓar na goro, jibi abokin da ke cin amana. Ba ya kai ƙarshen fim, yawanci kafin a yi nisa an harbe shi ko an kore shi, amma idan an tashi shi nake tunawa. Malam ya gaya mana sunansa, ya fi ƙarfin harshena na manta. Ya ce mutumin ya daɗe yana wasa a dandamali kafin ya shiga fim, bai taɓa zama jarumi ba har ya tsufa, kuma idan za a sa shi mahauci sai ya je ya zauna da mahauta har ya iya riƙe wuƙa irin tasu. Na duba madubi na ga ni ma Allah bai yi mini fuskar jarumi ba: ga ƙananan idanu, ga wushirya, ga baki da ke karkacewa idan na yi murmushi. Na ce to, ashe akwai sana'ar masu irin fuskata.

Haka na riƙe hanyarsa. Tun muna wasa a dandamalin makarantu da filin ƙwallo, har aka fara fim na kaset a Kano ana kirana, ban taɓa fitowa a abin da ban je na zauna na gani ba. Na yi zaman rumfar dillalan hatsi, na yi zaman tashar mota, na taɓa bin wani mai maganin gargajiya kasuwa-kasuwa har ya fara zargin asirinsa nake so in sace. Kullum mugu ake ba ni, ni kuma ina yi da zuciya ɗaya. Inna, kakarku, ba ta kallo. Takan ce ita ba ta haifi makiri ba, ba za ta zauna ta ga ana tsine wa ɗanta a akwatin talabijin ba. Yaya Halliru kuwa yana kallo, yana dariya har da riƙe ciki. Shi manomi ne tun tasowarsa, shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu, kuma duk da bai ɗauki wasa sana'a ba, bai taɓa hana ni ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wani darakta ya ba ni rawar ɓarawon shanu, ana kiransa Maisanɗa, sunan da ya bi ni har yau. Ana neman gidan ƙauye mai shanun huɗa da za a ɗauki fim ɗin. Yaya da kansa ya ce ga gidan surukinsa Malam Isyaku, yayan matarsa, a wani ƙauye ta wajen Kabo. Shi ya ɗauke ni ya kai ni, ya damƙa ni a hannunsa.

"Malam, ga ƙanena nan. A akwati ne kawai mugu, a gida rago ne. Duk abin da ya tambaya a nuna masa, ni na tsaya masa."

Malam Isyaku yana da bijimai biyu, fari da ja, da su yake huɗar gonarsa, yana kuma yi wa mutane huɗa idan damina ta faɗi. Yana ji da su fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Na tare a gidansa kafin 'yan fim su iso, na shiga aikina na tambaya. Ina karen gidan yake kwana? Bijiman suna kuka idan baƙo ya matso? Ta wane gefe dangar ta fi rauni? Wane irin ƙulli ake yi a turke? Mutumin kirki, yana amsawa yana jin daɗi an damu da dabbobinsa. Shi ya nuna mini cewa idan ka haɗa dusa da 'yar kanwa a kwano ka riƙe a gaban jan, zai bi ka ko ina, farin kuma ba ya rabuwa da jan. Da darakta ya zo na ce a ajiye abin da aka rubuta, ni na san yadda ɓarawon gaske zai yi. Na zare karan danga ta bayan gida wajen wata kuka, na jefa wa kare ganda, na miƙa kwanon dusa, bijimai suka biyo ni salun-alun. Darakta ya rungume ni. Ƙauyen kaf ya fito kallo, har da na maƙwabtan ƙauyuka, wasu a kan bishiya, wasu a kan katanga, ana ta tafi.

Muka tattara muka tafi. Fim yana Kano ana haɗa shi, bai fito kasuwa ba, bazara ta yi nisa ana jiran ruwan shuka, sai ga saƙo da hantsi cewa an kwance bijiman Malam Isyaku. Na hau babur na tafi jaje. Da na isa na ga mutane sun yi cirko-cirko a bayan gidan, suka buɗa mini hanya ba wanda ya amsa sallamata da kyau. An zare karan danga daidai wajen kukar. Ga sauran ganda kare yana gwagwiya. A bakin hanya kuma ga kwano a yashe, da ragowar dusa a ciki. Na tsaya ina kallon kwanon nan, ko ban ɗaga kai ba na san duk idon da ke wurin a kaina yake.

Malam Isyaku bai zage ni ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Malam Tasi'u, duk wanda ya yi wannan ya san gidana."

Na ce, "Malam, ai rabin ƙasar nan sun tsaya sun ga yadda aka yi."

Ya ce, "Sun gani. Amma mutum ɗaya ne ya tambaya."

Aka bi sawu har ya ɓace a kan burji. Aka je kasuwar Getso aka duba turke-turke, aka aika wasu kasuwannin, babu labari. Ni kuwa na shiga zargin kowa. Na zargi mai janaretan da muka zo da shi, don na ga yana yawan zagayawa bayan gida. Na zargi wani maƙwabcin Malam Isyaku da ya fi kowa tafi ranar ɗauka, ya kuma fi kowa salati ranar sata. Har Malam Isyaku kansa na zarga, na ce wa ya sani ko sayarwa ya yi a ɓoye yake neman wanda zai ɗora wa, Allah ya yafe mini idan na zalunce shi. Na yi ta auna fuskokin mutane ina neman wanda ke wasa, tunda aikina ne, sai na ga kowa ma kamar wasa yake yi. Su kuma duk ni suke aunawa. Idan na shiga masallaci sai in ga mutum ya janyo takalminsa kusa. Mai shayin da nake zama wurinsa ya koma yi mini magana da ladabin da bai saba ba.

Na waje bai dame ni kamar na cikin gida ba. A watan ne na sayi babur ɗin da na je jajen da shi, na hannu, da abin da na daɗe ina tarawa na fim. Wata rana ina goge shi a tsakar gida, mahaifiyarku tana tankaɗe, ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Baban Hadiza, babur ɗin nan na ce kuɗin fim ne ko?"

"Da kuɗin me ne?"

"A'a, tambaya na yi. Mata ne suke ta magana a gidan suna, ina so in san abin da zan ce."

Na yi jifa da tsumman na fita. Daga baya ta ba ni haƙuri, kuma ita ce ta bi ni duk inda na shiga har Allah ya ɗauke ta, don haka kada ku riƙe ta da wannan. Amma ranar na gane cewa wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ni ma sai da ya tambaya.

Inna ta kira mu ɗakinta ni da Yaya. Ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, sai ta ce da ni, "Ga yayanka nan, matarsa ta hana shi sakat, 'yan'uwanta sun hana ta sakat. Ka faɗa mana gaskiya mu san inda za mu tare." Na fara magana, na ce ban sani ba, ban gani ba, ban aika kowa ba. Ina cikin faɗa sai kuka ya ƙwace mini, kukan gaske, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu. Inna ta kau da kai. Yaya ya zuba mini ido har na tsagaita, sannan ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba.

"Tasi'u, na ga kukan nan a kaset."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Kuma abin haushin, gaskiya ya faɗa. Akwai fim ɗin da na fito na cinye dukiyar marayu, aka kama ni na yi kuka ina rantse-rantse, kuma haka nake jan hanci, haka leɓena ke rawa. Ni kuka ɗaya gare ni, shi nake kaiwa wurin aiki, shi nake yi a gida. Ta ina zan samo wani daban in nuna masa?

Magana ta kai gaban dagacin su Malam Isyaku. Ba a kai ta ga 'yan sanda ba saboda surukuta. Aka taru a zaure da rana, dattawa a kan tabarmi, matasa sun cika ƙofa. Shaida babu, sai zato. Dagaci ya ce tunda haka ne, wanda ake zargi ya rantse da Alƙur'ani a wuce wurin, Malam Isyaku ya ce ya yarda. Wallahi daɗi na ji. Kun san yadda mutanenmu suka ɗauki wannan rantsuwa: an yi imani wanda ya dafa bisa ƙarya ba ya gama shekara lafiya, ko hauka, ko gobara, ko wata cuta da ba a gane kanta. Muna yara akwai wani a unguwarmu da ke yawo yana tsince-tsince a bola, ana nuna mana shi ana cewa rantsuwa ce ta kama shi. Saboda haka na san idan na dafa, aka ga na shekara garau, magana ta mutu. Abu ɗaya ke nan da ya rage mini wanda ba za a ce wasa ba ne. Na fita na yi alwala, na dawo na durƙusa. Liman ya zaro Alƙur'ani daga gafaka ya ajiye a gabana. Na miƙa hannu.

Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Yaya ne, da hannun nan nasa na noma mai kaushi.

"Ranka ya daɗe, a bar rantsuwar nan."

Dagaci ya ce, "Malam Halliru, shi ya yarda zai yi."

"Na ji, ranka ya daɗe. Ni na kawo shi gidan nan, ni na tsaya masa. Ina da bijimai biyu a gida, Malam Isyaku ya aiko a kwance. A rufe maganar."

Na ce, "Yaya, sake ni in rantse!" Na fizga, ya ƙi saki. Zauren ya ɗauki salati, dattawa suna ta sa masa albarka, ana cewa ga ɗan halak, ga mai zumunci. Liman ya mayar da Alƙur'ani cikin gafaka, aka shafa fatiha. Ina durƙushe ina kallon mutane suna gyaɗa kai, kowa ya samu amsar da ya zo nema. Idan yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya ji tsoron ya dafa, wa ya rage da zai yi shakka?

A hanyar komawa ban bari mun kai gida ba. Na tsayar da babur a gindin wata tsamiya na ce ya sauka.

"Yaya, ka san abin da ka yi mini yau? Ka ɗaure ni a gaban duniya."

"Na ɗaure ka ko na kwance ka?"

"Ka yarda na sata ke nan."

"Ban ce ka sata ba. Ban sani ba, Tasi'u. Wallahi ban sani ba. Tun kana yaro idan ka faɗi abu sai in ga gaskiya ne, kuma a akwati ma haka nake gani. Idan ba ka yi ba, na yi asarar shanu. Idan ka yi ka dafa, na yi asarar ƙane. Shanu ana sayen wasu."

Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, ina kuma ganin idonsa ya kawo ruwa, shi da ba ya wasan kwaikwayo.

Washegari aka zo aka kwance bijimansa. Daminar nan Yaya da hannu ya yi noma shi da 'ya'yansa, rabin gonar ta wajen ƙauyen Jama'a ma bai samu ya taɓa ba, dawar da ya girba ba ta kai su ko'ina ba. Inna ta sake kirana. Ta ce abu biyu take so: in sayar da babur a haɗa a mayar wa yayana shanunsa, in kuma bar wannan wasa da ya mai da ni abin nuni. Na ce Inna, idan na biya na amsa laifi, idan na bar wasa na amsa laifi. Ta ce to ka amsa mana, in dai gida zai zauna lafiya, wa ya mutu don an ce da shi ɓarawo? Na ce ni zan mutu. A nan na yanke shawarar da kuka tashi a cikinta: ban biya ba, ban bari ba, na kwashe ku na koma Kano. Ba gudu na yi ba kamar yadda ake faɗa, da rana tsaka na loda kaya kowa yana kallo.

Fim ɗin ya fito ya yi kasuwa fiye da duk wanda na taɓa yi, domin labari ya riga shi yawo, kowa yana so ya ga ɓarawon da ya yi sata a fim ya koma ya yi ta gaske. Daraktoci suka yi ta nemana. Da sunan Maisanɗa na biya muku makaranta, da shi na gina gidan nan. Ɓarawon gaske kuwa ba a taɓa gano shi ba, ban kuma daina nemansa a fuskokin mutane ba, har yau idan na ga ɗan ƙauyen nan a Kano yana yi mini fara'a sai in ce ko shi ne. Da Yaya ba mu yi gaba ba, muna gaisawa a salla da jana'iza, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta. Inna ta rasu tana jiran ranar da za ta gan mu muna cin tuwo kwano ɗaya, ba ta gani ba. Sau da yawa na samu halin sayen bijimai, har na taɓa zuwa Getso na taya wasu, na tuna abin da za a ce na fasa.

Shekarun baya da ciwo ya kwantar da Yaya ya tsananta aka aiko mini. Auwalu, kai ka tuƙa ni, za ka tuna na sa ka tsaya a masallacin bakin hanya na yi alwala alhali ba lokacin salla ba ne, ka kuma tambaye ni abin da ke cikin jakar da na rungume ban amsa ba. Alƙur'ani ne. Na same shi kwance a ɗakinsa bayan la'asar, ya rame har ban so in kalle shi ba. Na sallami kowa, na zauna a bakin gado, muka gaisa. Na ce Yaya, akwai abin da ka hana ni tun tuni, yau na zo in ƙarasa, babu dagaci babu taro, daga ni sai kai sai Allah. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Haba Tasi'u. Ai na yarda da kai. Na daɗe da yarda."

Na zuba wa fuskarsa ido. Na yi rayuwata kaf ina karantar fuskoki, na san yadda ake haɗa murmushi, na san inda yake tsagewa idan na ƙarya ne. Na duba na sake dubawa, ban iya gane komai ba. A lokacin na ɗanɗana abin da ya ɗanɗana a ɗakin Inna, kuma ba daɗi. Na ce to tunda ka yarda, bari in dafa hankalina ya kwanta. Na ɗora Alƙur'anin a kan cinyata na miƙa hannu.

Hannunsa ya fito daga cikin bargo ya kama wuyan hannuna. Babu sauran ƙarfi a cikinsa, ko yaro zai iya fizgewa.

"Bari," ya ce. "Ba sai ka rantse ba."

Ban fizge ba. Muka zauna a haka yana riƙe da ni har aka kira magariba, kuma bai kai ƙarshen makon ba. Ko don ya yarda ne ya ga babu buƙata, ko har ranar tsoro yake ji mini, wanda zai gaya mini ya tafi. Ni dai na faɗa muku ban ɗauki bijiman Malam Isyaku ba, kuma shi ya sa na rubuta muku a takarda, don kada ku ce sai kun kalli fuskata.